Jan Zare a Wuyan Kwalba

Shekara ashirin da uku Uwar Tsutsa ta yi a ɗakin bayan ma'aikatar bincike, daga ita sai tsutsotsin nan masu cin ganye, waɗanda in sun girma suke yin fiffike su riƙa zagaya fitila. Ita ke yanka musu ganye, ita ke wanke kwalabe. Ba ta san ko bihim ba a karatu, amma tana da ido.

Ita ta fara lura. In aka sa wa tsutsa cutar da ake nazari, wasu sai su haye har murfi su mutu a rataye, su narke su ɗiga kan 'yan'uwansu. Wasu kuwa a ƙasa suke mutuwa. Sai ta riƙa ɗaura jan zare a kwalbar masu hawa, baƙi a ta masu kwanciya, ko cokalinsu ba ta haɗawa. Da ta nuna wa Farfesa, shugaban wurin, ya duƙufa shekara biyar, ya gano cutar iri biyu ce, ɗaya na ɗauke da wata ƙwayar gado da ke tura tsutsa sama. Ya rubuta, aka sha tafi. Sunanta ko a gefen takarda babu. Wata uku bayan nan aka sallame ta, wai ta tsufa.

Gida ɗaki ɗaya, miji ya rasu, 'yarta tilo tana aure nesa. Kullum lokacin yankan ganye sai hannunta ya nemi wuƙa.

Sau huɗu tana zuwa neman haƙƙinta, sakatariya na cewa Farfesa yana taro. A na biyar shi da kansa ya fito, gumi sharkaf. Ashe sababbin ma'aikata sun yanke zarurrukan, wai ƙazanta, sun liƙa takardu, danshin firji ya ɓamɓare su duka. Kwalba sittin, ba a san wace ce wace ba.

"Iya, ki taimaka."

"Yau na zama Iya? Ran da kuka kore ni 'wannan matar' ce."

"Kuskure ne."

"Kuskuren naka har da tafi? Zauna ka rubuta ni na fara gani. Da sunana. Ka buga hatimi."

Ya rubuta, ya buga. Sai da ta cusa takardar a jaka sannan ta ɗaga kwalba ɗaya ta juya ta wajen taga.

"Jan zaren nan na arha ne, yana zuba. Duba ƙasan wuya, duk mai tabon ja mai hawa ce. Duk digirinka ba ka taɓa wanke kwalba ba, ina za ka sani?"

Ta ware su tsaf, ta tafi, ba wanda ya raka ta ƙofa.

A ɗaki ta buɗe takardar ta ƙura mata ido. Ba ta san wane layi ne sunan nata ba, kuma babu wanda zai nuna mata. Ta naɗe ta, ta ɗaure da jan zare, ta ajiye saman kabad.