Yajin Gulizar

A'a, Lauratu, dakata. Ajiye ledar nan ki zauna, kayan kasuwar Shisanhang ba guduwa za su yi ba. Jiya jiya kika sauka daga Kano, har an ba ki labarin uwarki ta sa babban mutum ya durƙusa a baranda, za ta ɓata wa yayanki hulɗa da abokin cinikinsa. To, na sa shi ya durƙusa ɗin. Gwiwar ta karye? Ai ɗazu ya wuce ki a matattakala da ƙafarsa.

Rabin labari aka ba ki, bari in cika miki.

Ƙofar nan da ke kallon tamu ta Sirwan ce, Bakurden Iraƙin da suke haɗa kai da yayanki su sari takalma a kamfani ɗaya. Uwarsa Gulizar sa'ata ce, ko ta ɗan girme ni, ko da yake ba za ta yarda ba. Ni ido ya kawo ni China, ita gwiwa. An yi mata aikin ɗaya, ana jiran ta warke a yi ɗayar. 'Ya'yanmu su fita da safe su bar mu a saman benen nan na unguwar Sanyuanli, daga mu sai tukunyar shinkafa mai lantarki. Ita ta fara fito da kujera baranda, ni ma na fito da tawa. Tana tsince shinkafar da babu tsakuwa ko ɗaya a ciki, ina tankaɗe kukar da an riga an tankaɗe. Ta yi yarenta, in yi nawa. In ta ce duniya ta yi tsaki, in ce duniya in yi tsaki. In injin wanki ya fara tsalle ta nuna shi ta ce shaiɗan, ai wannan ba sai an fassara min ba.

Matar nan baki huɗu gare ta. Ɗan ne ya ba yayanki labari. A ƙauyen dutse aka haife ta, can kan iyakarsu da Iran, inda ake wani yare wai shi Gorani. Aka kai ta aure birnin Kirkuk, gidan miji ana Kurdancin birni, maƙwabta ana Turkanci, asibiti da ofis ana Larabci. Duk ta kwashe. Ni ba na jin ko ɗaya, amma da fuska nake rarrabe su. In carbi na hannu, Larabci ne. In tana waya da tsohuwar maƙwabciyarta tana dukan cinya, Turkanci ne. In gira ta haɗu, Kurdancin birni ne, kuma Sirwan ne ya yi laifi. Goranin kuwa sai ni da tukunya ake yi wa. Ta ga tunda ko wanne ba ji zan yi ba, gara ta ba ni wanda ya fi mata daɗin baki.

Ranar da abin ya faru, Sirwan ya kawo baƙi Larabawa masu sayen kayansa. Tsohuwa ta wuni tana naɗe shinkafa a ganye, abincinsu na girmama baƙo. Na shiga mayar mata da faranti, sai ga ta ta fito da tire tana ɗan rera waƙarta ta dutse. Wani baƙo ya tambayi wane yare ne wannan. Sirwan ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, ya faɗi wani abu da Larabci, aka kwashe da dariya. Daga baya na ji abin da ya ce: wai maganar ƙauye ce ta masu kiwon awaki, ko su 'ya'yanta ba sa ji. A gaban matar da ta iya Larabci tun bai iya ɗaura wando ba. Ta ajiye tiren a hankali, har ta gyara cokali. Da na ga gyaran cokalin nan na ce yau akwai magana.

Washegari ya gaishe ta da Kurdanci, ta amsa da Gorani. Ya koma Larabci, Gorani. Ya gwada Turkanci, Gorani. Shi kuwa a birni ya tashi, abin da ya sani na yaren uwarsa bai cika cokali ba. Hankalinsa ya tashi, ya ce tsufa ya taɓa mata kai. Ya kai ta asibiti aka sa kanta a inji, likita ya duba hoton ya ce meyo, babu komai. Bai yarda ba.

Sai ya shiga kwaso mata masu fassara. Na farko Malam Hadi, ɗan Maraɗin nan da ya yi karatu a Sudan. Ya zauna ya zuba mata Larabcin littafi, ta saurare shi tsaf, ta mayar masa da doguwar magana. Ya fito yana shafa gemu ya ce ya tsinci haram, ya tsinci duniya, lallai Larabci ne ya yi nisa da gida. Aka kawo Baturke mai gidan abinci, shi ma ya tsinci sunan tukunya da na wani abu, ya ce ai tasu ce. Aka kawo wani ɗan Iran mai sayen tayil. Shi har da dafe ƙirji, wai ɗan'uwan Farisanci ne, wai a da da yaren nan ake yi wa sarakunan wajen waƙa. Aka ce to me take so? Ya ce shi nan ne bai kama ba. Suka tsaya a barandar nan suna musun ta wa ce, wannan ya ja wannan ya ja. Ita kuwa kowa ya zo sai ta cika masa ciki kafin ya tafi, har na fara zargin Baturken ba fassara ke dawo da shi ba.

Ƙarshe Sirwan ya ce zai mayar da ita Kirkuk wajen ƙanwarsa, har ya kama mata jirgi. Kin ga ke nan gwiwa ɗaya sabuwa, ɗaya tsohuwa, ta ƙarasa rayuwa tana tafiya a karkace. Ni kuma a bar ni da injin wanki.

Na ce da yayanki ya kai ni wajensa, ya faɗa masa abin da na ce da Turanci, kada ya rage kada ya sa masa sukari.

Na ce, “Yaro, uwarka lafiyarta ƙalau. Yaji ta yi.”

Yayanki ya tsaya yana laluben Turancin yaji har gumi ya keto masa. Na ce bari in sauƙaƙa maka. Mace in an ɓata mata rai a gida, sai ta ɗauki mayafi ta tafi gidan ubanta. To nan ina gidan uban? Fasfonta na jakarka, titi ba ta sani ba, ƙafa ɗaya gare ta. Abin da ya rage mata na gidan ubanta shi ne yaren nan, shi ta shige ta turo ƙofa. Na ce wanda kansa ya taɓu, gishirin miyarsa ke fara nunawa. Ka taɓa jin nata ya zarce?

Abin da ban gaya masa ba, yana sa ƙafa waje take ɗaukar waya ta yi Turkancinta har da shewa. Wannan tsakanina da ita ne, ke ma kada in ji shi a bakin yayanki.

Kunnen Sirwan ya yi ja. Ya ce to yaya zai yi. Na ce biko za ka je, yadda ake zuwa a dawo da mai yaji. Ba a aike, ba a zuwa hannu rabbana, ba a zama a kujera. Kuma inda ta tafi can za ka same ta, da yaren gidansu za ka yi sallama.

Ya ce, “Hajiya, ai ban iya ba.”

Na ce, “Da wane yare ta yaye ka? Lalubo, ba za a rasa ɗan ragowa a ƙasan tukunya ba.”

Da la'asar muna zaune a baranda sai ga shi da ledar rumman da sabon mayafi. Ya zo gabanta ya durƙusa, da tumbinsa da furfurarsa, har 'yar China ta ƙofar can ta leƙo da tsintsiya a hannu. Ya buɗe baki ya faɗi 'yar gajeriyar magana, ita kaɗai ta rage masa tun yana yaro. Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa. Ta maimaita maganar yadda ake faɗinta, ta sa shi ya sake. Ya sake, ta girgiza kai, ya kuma sakewa. Sannan ta gyara zama ta buɗe masa wuta da Kurdancin birni. Da ta gaji ta juya Turkanci, ta rufe da Larabci don yaren baƙin nasa ma ya samu rabonsa. Shi kuwa yana durƙushe yana murmushi kamar wanda ake yi wa kirari, don rabon da ya ji zagin da yake ganewa an kwana biyu.

Na tambayi yayanki me mutumin ya ce mata ne. Ya tambayo ya dawo yana dariya. Wai cewa ya yi, “Inna, yunwa nake ji.”

Aka fasa jirgi. Wata mai zuwa za a yi ɗaya gwiwar. Yanzu in ya dawo daga kasuwa sai ya zauna ta ɗora masa karatun Gorani, tana nuna min shi da baki, wai harshensa nauyi kamar na bijimi.

Me kika ce? Da na yi kuskure fa, tunda ko kalma ɗaya ta yarenta ba na ji? Ke Lauratu, tun kina goye nake yi miki Hausa. Wacce kika taɓa ji?