Murfin Dosu

Kwamfuta a jaka, bokitin roba, murafan kwalba da sunaye a cikinsu, da ƙullin bandeji. Abin da Senami ta riƙo ke nan a bayan ɗan zem, wato ɗan acaɓa, suna tsallake gada zuwa unguwar Akpakpa. Bandejin uwarta ce ta cusa mata, don ta san samarin ɗakin wasan bidiyon da za ta je.

Tun da ta dawo daga karatu a Rabat, Akpo mai ɗakin ya danƙa mata gasar ƙwallon intanet, wadda zakaranta zai tafi Lome. Da can gwanaye rukuni guda ake tara su, 'yan koyo ma nasu daban, sai mai wayo ya yi ta faɗuwa da gangan don ya sauka cikin masu rauni. Senami ta soke wannan. Huɗun da suka fi maki kowa ya ja rukuninsa, saura a jawo su daga bokiti. Ta faɗa tun da wuri. Dosu, zakaran bara, ya ce surutun 'yan boko ne, ya ci gaba da bari ana zura masa ƙwallo har makinsa ya zube.

Ɗakin ya cika, fanka ba ta komai. Akpo ya tura hannu a bokiti, ya jawo wa rukunin Jildas, ƙanin Senami, wanda ke kan gaba a maki. Sunan Dosu ne. Mutum ɗaya ke wucewa zagaye na gaba daga kowane rukuni.

"Madam Rabat," in ji Dosu, "murfin nawa a firji ya kwana, ko? Don tsoho Akpo ya ji sanyinsa ya zaɓo shi."

Ta miƙa masa ta ce ya taɓa. Jildas ne ya ɓata lamarin, ya dubi Dosu ya kira shi Fofo, wato yaya.

"Fofo, ai kai ka nemi ajin yara. To ga yaro an kawo maka."

Dariyar ba ta ƙare ba kujera ta sauka a kafaɗar Jildas. Ya faɗi, ya kai hannu zai dafa, Dosu ya taka babban yatsansa da dunduniyar takalmi, ya murza. Kowa ya ji ƙarar. Abokan Jildas suka yi kan Dosu, 'yan layin Dosu suka tare su. Kwalba ta fashe a goshin wani, allon talabijin guda ya tarwatse. Sai da 'yan zem suka shigo da hulunan kwano suna duka kafin aka raba.

Senami ta naɗe yatsan da ya karkace. Jini ya ɓullo ta bandejin. Jildas na cizon rigarsa.

Akpo ya ja ta gefe. Ya ce yaron ba zai iya riƙe abin wasa ba, a sake jawo murafai kawai, a zauna lafiya. Wasu suka ce a kori Dosu. Shi kuwa yana tsaye a waje, leɓe a fashe, yana jiran ko wanne, don duk sun fi masa sauƙi a kan karawa da Jildas.

Ta tsince murafan daga ƙasa, ta ajiye na Dosu da na Jildas gefe da gefe a kan tebur. Ta tura ragowar mutanen waje, ta kamo ƙofar ƙarfen, ta dubi Dosu.

"Ba a sake jawowa, ba a kuma kore ka ba, Fofo. Ka je ka gyara hannu."

Ta rufe ƙofar, ta zura sakata, ta juyo wajen Akpo.

"Rukunin nan zai jira yatsan ya warke. Shi da Jildas."