Butar Shayin Kuku

Da Iya ta dawo daga gidan Auta, inda ta je taya ta renon jariri, sai ta tarar da falonta fayau. Kabad ɗin gilashi yana nan, amma babu komai a cikinsa sai shatin ƙura a inda kowane abu ya taɓa zama. Ta ɗauka ɓarayi ne, har ta fara salati. Maƙwabciya ce ta leƙo ta ce mata ta kwantar da hankalinta, ba ɓarayi ba ne, babban ɗanta ne, Lauya, ya zo da mota da wasu mutane masu fararen safar hannu.

"Ai gara ɓarayin," in ji Iya. "Su dai ban goya su ba."

Marigayi mijinta kuku ne a jirgin ruwan dakon kaya. Rabin rayuwarsa a kan teku ya yi ta, yana dafa wa ƙarti abinci. Duk tashar da jirgin ya tsaya sai ya sauka ya kwaso wani tarkace. Mazan unguwa suna kawo wa matansu zanne da sarƙa, shi kuwa sai ya shigo yana washe baki da fuskar katako mai haƙora a waje, ko farantin tagulla, ko tulun tangaran mai dogon wuya wanda ko ludayi ba ya shiga bakinsa. Iya ta yi shekaru tana goge su tana mita. Da a ce su kaɗai Lauya ya kwashe, da har albarka za ta sa masa don ya rage mata aiki.

Amma ya haɗa da butar shayin. 'Yar ƙaramar buta ce shuɗiya mai zanen farin tsuntsu. Tun da Kuku ya bar aikin jirgi, kullum safe shi yake dafa shayi a cikinta da hannunsa, ya zuba mata, ya zuba wa kansa. Bayan rasuwarsa Iya ta ci gaba da dafa nata ita kaɗai. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don ba ta son a ji tausayinta, amma wannan shayin ne yake tashinta daga gado.

Ta kira Lauya a waya.

"Iya, ki yi haƙuri, na so in ba ki mamaki ne," ya ce da muryar da yake yi wa alƙalai. "Na ba gidan tarihi kayan Baba kyauta. Zaure guda aka ware musu. Yanzu duniya za ta san ko wane ne Baba."

"Ni na san ko wane ne. Ka dawo mini da butata."

"Wace buta?"

Wannan tambayar ta fi ɗaukar kayan ciwo. Ya girma a gidan, ya sha daga butar nan, amma bai ma san ya ba da ita ba. Shi dai Lauya mutum ne da ko atishawa zai yi sai ya duba ko akwai mai ɗaukar hoto a kusa. Yana yaro, idan aka tambaye shi aikin ubansa a makaranta, kyaftin yake cewa, don kunyar kalmar kuku yake ji, alhali da girkin aka biya masa karatun lauyan.

Washegari ya zo ya ɗauke ta. Yana ganin da zarar ta ga wurin za ta sauko.

Gidan tarihin ƙaton gini ne mai sanyi kamar ɗakin ajiye gawa, kowa a ciki raɗa yake yi. Iya ta bi bayan ɗanta zaure bayan zaure tana taɓe baki. Ga gunkin dutse babu hannu babu hanci, an kewaye shi da jan igiya kada a ji masa ciwo. Ga dardumai masu laushi an rataye a bango, mutane kuma suna tsaye a kan sumunti ƙafafunsu na ciwo. Ga kwanuka daga gabas, cokula daga yamma, kujerar wani sarki da ba mai zama a kanta, ganguna da ba mai kaɗawa. Wani mutum mai tabarau ya tsaya gaban wata fasasshiyar tukunya ya riƙe haɓa yana gyaɗa kai, kamar tukunyar ta gaya masa wata magana mai hikima. Iya ta ɗan jingina hannu da wani akwatin gilashi don gwiwarta ta huta, sai ga mai gadi a guje.

"Mama, ba a taɓawa!"

"To me ake yi da su?"

"Kallo ake yi."

"Allah ya ba ku lafiya," ta ce.

Suka iso zauren Lauya. Zaurensa ne kuwa, don sunansa ne a saman ƙofa da manyan haruffan zinariya, da hotonsa cikin baƙar riga ya harɗe hannu. Hoton Kuku yana ƙasa, ƙarami, an yanke shi daga kafaɗa don kada a ga rigar kicin. Lauya ya karanta mata abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa yana ƙara murya saboda masu wucewa: mashahurin matafiyi kuma masanin al'adun duniya.

"Masanin albasa dai," in ji Iya.

Ta zagaya tana gaisawa da kayanta da ido. Ga tulun da suke jefa mabuɗai a ciki su kasa ciro su, an haska shi da fitila ta sama da ta ƙasa. Ga giwar katakon da take tokare ƙofar kicin da ita, an ɗora ta a kan jan kyalle tana wata ƙasaita. Ga fuskar nan mai haƙora wadda take tsorata Lauya da ita idan ya ƙi wanka. Ta duba akwati ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen bango, ta dawo ta sake dubawa. Butar ba ta nan.

Lauya ya fara duba agogo, amma ta kafe, dole ya kai ta ofishin Darakta. Darakta dogo ne siriri, yana zaune a miƙe kamar ya haɗiyi tabarya. Ya yi wa Lauya doguwar gaisuwa, ya yi wa Iya gajeruwa. Da ya ji abin da ke tafe da ita sai ya yi murmushin da ake yi wa yaron da ya ce a ciro masa wata.

"Mama, na fahimce ki sosai. Amma duk abin da ya shigo gidan nan, ranar da ya shigo muke rubuta masa lamba a gindi da tawada. Daga ranar ya zama na al'umma. Abin da ke da lamba ba ya fita. Ko ni ban isa in fitar da cokali ba."

"To ina al'ummar take ganinta? Na duba ban gan ta ba."

Ya ɗan yi tari. "Ba komai ake fitarwa ba. Irin wannan butar, gaskiya, muna da su da yawa, waɗanda suka fi ta ma. Za ta zauna a ma'ajiya."

"Wato a ina?"

"A ƙasa. Cikin kwali, a naɗe da kyau. Ba zafi, ba haske, ba ƙura."

"Har yaushe?"

"Har abada, in Allah ya yarda," ya ce, yana alfahari.

Iya ta dube shi daga sama har ƙasa. "Bari in gane. Ba ta kai a nuna wa mutane ba, amma ta fi ƙarfin a ba ni. Ni ba zan sha shayi ba, su ba za su kalla ba, kwali ne zai more."

"Iya, don Allah," in ji Lauya, yana waige-waige duk da ba kowa a ofishin sai su. "Zan saya miki sabuwa, wadda ta fi ta. Har da ta lantarki."

"Saya wa matarka."

Darakta ya ga idan tsohuwar nan ta ɗaga murya za a jiyo ta a zaure, kuma Lauya ya yi alkawarin gyara musu rufin gini. Sai ya miƙe da fara'a ya ce akwai alfarmar da zai iya yi: butar tana ɗakin gyara, ba a sauka da ita ba tukuna, Mama tana iya ganinta.

Zuciyar Iya ta ɗan yi sanyi. Tana bin su a dogon lungu tana shirya abin da za ta yi. In ta riƙe butar nan a hannunta, sai dai su kira 'yan sanda su ɓamɓare yatsunta ɗaya-ɗaya, a ɗauki hoton Lauya a gefe.

Ɗakin gyaran fari ne tas, yana warin magani. Mai gyaran mace ce matashiya mai farar riga, da ƙananan burusai jere a gabanta. Ta gaishe da Iya da ladabi, ta miƙo mata safar hannu. Iya ta dubi safar, ta dubi hannuwanta da suka wanke butar nan tun kafin a haifi yarinyar, ta sa don kawai a wuce wurin.

Mai gyara ta ɗauko butar da hannu biyu ta ajiye a kan farin kyalle, fuskarta cike da jin daɗi.

Shuɗin yana nan, tsuntsun yana nan. Amma marikin ya miƙe sumul, babu ko tabo. Iya ta juya butar, ta sake juyawa.

Marikin nan ya taɓa karyewa. Shekarar da hannun Kuku ya fara rawa ne, butar ta suɓuce masa ta bugi bakin teburi. Ya ji kunya ƙwarai, mutumin da ya yi girki a kan igiyar ruwa bai taɓa zubar da miya ba. Ya ƙi yarda a kai wa mai gyara. Ya zauna a bakin ƙofa yini guda da 'yar wayar ƙarfe da danƙo, yana naɗawa tana warwarewa, yana zagin yatsunsa, har ya ɗaure shi a karkace. Kan wayar ya ɗan fito, kullum sai ya soki babban yatsan Iya, kullum sai ta yi masa tsiya, shi kuma ya ce ai gaisuwa ce yake aiko mata. Tun da ya rasu, da gangan take ɗora yatsan a wurin.

"Mun sha aiki a kanta, Mama," in ji mai gyara. "Wani ne ya yi mata gyaran ganganci, ya naɗe ta da waya mai tsatsa, ya lafta baƙin danƙo. Ko wane ne, ya cuci butar nan. Sai da na bi a hankali na kankare komai. Cikin ma duk ya yi baƙi da shayi, dubi yanzu."

Ta ɗaga murfin. Cikin fari fat, kamar ba a taɓa dafa komai a ciki ba.

Iya ta shafa marikin da babban yatsa ta cikin safar. Babu abin da ya soke ta. Ta zo da shirin faɗa, ta tanadi maganganun da za su ishi Darakta har ya yi ritaya, amma yanzu ba ta ga amfaninsu ba. Baƙin ciki ne ya danne ta, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka fita da shi daga gidan. Ta tura butar gaba a hankali.

"Ku riƙe abinku," ta ce. "Ina wayar?"

"Wace waya?"

"Wadda kika cire."

Mai gyara ta dubi Darakta, ta dubi kwandon shara da ke gindin teburi, wanda aka juye aka sa masa sabuwar leda. Murmushinta ya fara gushewa. "An kwashe shara tun shekaranjiya, Mama. Ban san..."

"Kash!" in ji Darakta, har da tafa hannu, ya samu inda zai nuna kirki ba tare da ya rasa komai ba. "Da kin zo da wuri ai da mun ba ki. Ita wayar ba ta da lamba."

Lauya ya yi 'yar dariya don ya taya Darakta, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mai da ita tari. Ya matso ya dafa kafaɗar uwarsa. "Iya, waya ce fa kawai. Tsohuwar waya."

Iya ta zare safar yatsa bayan yatsa, ta ninke ta, ta ajiye kusa da butar. Ta ce wa mai gyara, wadda idonta ya ciko, "Ke kin iya aikinki, 'yata. Ba ki bar komai ba." Sannan ta juya ga ɗanta, ta cire hannunsa daga kafaɗarta.

"Duk zauren can da ka cika, ubanka saye ya yi. Abu ɗaya ne a cikin kayan da ka kwaso ya yi da hannunsa, shi ne kuka zubar."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Lauya ya biyo ta yana kiran Iya, Iya, a hankali don kada masu kallo su ji. Ba ta waiwaya ba. Ta wuce motarsa a bakin ƙofa, ta tsallaka titi, ta tsaya jiran bas.