Lambar Kabarin Balbela

Tun daga bakin ƙofar ofishin na ji ƙarar. Ƙas, ƙas, ƙas, sai shiru, sai kuma ƙas. Duk wanda ya yi shekara ashirin yana ceto bayanai daga kwamfutocin mutane kamar ni ya san wannan ƙara, kuma ba ya ƙaunarta. Allurar da ke karanta faifan ajiya ce take tuntuɓe. Ko sallamar kirki ban yi ba, na miƙa hannu na zare wayar wuta daga bango.

Akawun maƙabartar, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, ya dube ni kamar na mari jikansa. Ya ce shekara ashirin da huɗu yana kunna na'urar nan da safe ya kashe ta da yamma bisa ƙa'ida, ba a taɓa fizge mata wuta haka ba. Na ce masa yau an fara.

Abin da ya kawo ni shi ne ambaliya. Makonni uku kafin nan ruwa ya fasa katangar gabas, ya kwashe allunan ƙarfe masu lamba da ake kafawa a kan kaburbura, ya baje tudun ƙasar har ba ka bambance na babba da na yaro. Littattafan rajista suna ɗakin ƙasa, sun jiƙe sun zama kunu. Abin da ya rage a duniya mai cewa wane yana layi kaza, lamba kaza, shi ne rumbun bayanan da ke cikin wannan tsohuwar kwamfuta mai baƙin allo da koren rubutu. Mutum dubu talatin da takwas ne a ciki. A waje kuwa, kan benci, mutane na zaune tun safe, kowa yana jiran a gaya masa inda nasa yake kafin a kafa sababbin alluna.

Na tambayi Akawu ko yana da kwafin ajiya. Sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Injiniya, ni za ka tambaya? Kowace Alhamis sai na kwafe komai daga C zuwa D. Ko ranar da aka yi mini aikin ido ban fasa ba."

Na kwance murfin na leƙa. Faifai ɗaya ne tak a ciki. Wanda ya haɗa musu na'urar tun fil azal ya raba shi gida biyu, ya kira ɗaya C ɗaya D, ya tafi abinsa bai yi wa kowa bayani ba. Shekara ashirin da huɗu dattijon yana kwashe kaya daga ƙuryar ɗaki zuwa bakin ƙofa, yana zaton wani gida yake kai su. An gudu ba a tsira ba. Ɓangaren D ɗin ma shi ya fi jin jiki, ko buɗuwa ba ya yi. Bugu da ƙari, tun da na'urar ta fara ƙara, kullum da safe sai ya danna maɓallin gyaran fihirisa, wato jerin sunayen da ke nuna inda kowane bayani yake, don haka aka koya masa. Kowace dannawa tana tilasta wa allurar ta bi ta kan wurin da ya ji ciwo, har fihirisar ita ma ta tarwatse.

Na yi masa faɗa, ban rage komai ba. Na ce duk abin da yake wuri ɗaya tamkar babu shi ne, na ce ko takarda ce a buga a kai wani gini. Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ina cikin faɗan sai na tuna laifi tudu ne, na taka nawa ina hango nasa. 'Yata tana cikin mutum dubu talatin da takwas ɗin nan, kuma ban san lambarta ba.

Balbela muke ce mata, saboda yadda take bin ƙafata duk inda na sa, kamar balbela da saniya. Shekararta biyar. Ranar da zazzaɓin ya yi tsanani ina wani gari mai nisa, ina ceto bayanan wata makaranta. Mahaifiyarta ta kira ni da safe, na ce saura kaɗan, idan na tsayar da aikin a tsakiya faifan ba zai sake tashi ba, bari in ƙarasa in kamo hanya. Na ƙarasa. Kafin in iso, yayana ya riga ya raka ta, ya dawo. Shi aka ba 'yar takardar lambar, shi kuma ya rasu bayan shekara uku, takardar ta bi kayansa. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa iya wuce ƙofar maƙabartar nan ba. Duk lokacin da matata ta ce in je in gano wurin, in zo in ba ta labarin yadda yake, sai in ce mata ta kwantar da hankalinta, yana cikin kwamfuta, duk ranar da na tambaya za a ba ni. Ni da na fi kowa sanin abin da kwamfuta take yi wa mutane.

Da safiyar ranar da zan zo wannan aikin, ina ɗaure jakar kayan aiki, ta tsaya a bakin kicin da kofin shayi a hannu. Abu ɗaya ta ce: "Baban Balbela, ka zo mini da lambar."

Aikinmu yana da doka guda wadda ba a karya ta. Faifan da ke mutuwa ba a gyara shi, kwashe shi ake yi zuwa sabo, kuma da lafiyayyun wurare ake farawa. Idan allura ta zo wurin da ya lalace, tsallakewa ake yi a wuce, sai an gama da mai sauƙi a dawo. Dalili kuwa, duk nacin da aka yi a kan ciwon yana kankare fuskar faifan, ƙurar ta bi ta kashe allurar, sai a rasa mai ciwon da lafiyayyen gaba ɗaya. Na koya wa mutane da yawa wannan doka, har ina da wata murya ta musamman da nake faɗinta da ita.

Na cire faifan, na ɗora shi a kan tawul, na sa masa ƙaramar fanka, na haɗa shi da na'urata. Ya tashi da kyar. Sa'ar da aka yi, tsohon tsarin ba shi da wayo: kowane mamaci layi ɗaya, tsayinsu ɗaya, a jere yadda aka kawo su, ranar farko har ta ƙarshe. Ko babu fihirisa ana iya karanta su. Aikin da lafiyayyen faifai zai yi kafin ka kurɓi shayi, wannan yana yin sa kamar tsohon da ke hawan bene. Ina kallon shekaru suna wucewa a allona. Akawu ya jawo kujera kusa, yana ganin suna sai ya ce ai wannan direba ne, wannan ungozoma ce, wannan ana ruwan sama aka kawo shi. Ashe rabin rumbun yana kansa. Na tambaye shi, kamar da wasa, ko yana tuna wata yarinya 'yar shekara biyar, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya cire tabarau ya goge, ya ce yaran suna da yawa, Injiniya, su ne ba ya bari su zauna masa a kai.

Wajen ƙarfe ɗaya muka shiga shekarar. Wata na ɗaya, na biyu, na uku. Na daina jin abin da Akawu yake faɗi. A ƙarshen wata na biyar faifan ya yi ƙas, ya yi ƙas, na'urar ta yi abin da na umarce ta, ta tsallake. Da ta sauka, muna wata na bakwai. Mutum ɗari da ashirin da shida ta bari a baya, kuma Balbela ta rasu ran sha huɗu ga wata na shida.

Na ɗora yatsa a kan maɓallin tsayarwa. Allurar tana da sauran ƙarfi a lokacin, na ji a sautinta. Idan na mayar da ita yanzu, na nace, mai yiwuwa ta karanto mini layin nan guda. Mai yiwuwa kuma ta mutu a wurin, ta tafi da mutum dubu goma sha bakwai da ba a kwashe ba tukuna. Ta taga ina hango bencin. Akwai wani mutum mai rigar makanikai da ya zo tun kafin ni, bai ko tashi shan ruwa ba. Akawu ya ce matarsa ce, bara aka kawo ta, wato tana can ƙarshen faifan.

Ba zan yi ƙarya in ce na daɗe ina tunani ba. Hannuna ya saba, shi ya janye kansa. Na bar na'urar ta ci gaba, na fita bayan ofishin na tsaya ina kallon bango, zuciyata tana ciwo irin wanda ban ji ba tun ranar da na sauka daga mota na tarar da tabarmi a ƙofar gidana.

Ƙarfe huɗu da rabi aka kai ƙarshe. Sauran wuraren da aka tsallake ƙanana ne, uku nan, biyar can. Sai a lokacin na juya allurar zuwa wata na shida. Ta riga ta gaji, sautinta ya koma kamar ana jan kujera a kan siminti. Na sa ta karanta daga gaba. Ɗaya ga wata ya fito, biyu ga wata, biyar, takwas. Sunayen kowace rana sai su ɗauki minti biyu ko uku. A tara ga wata ta kafe. Na juya ta ta ɓullo daga baya: talatin ga wata, ashirin da shida, ashirin da biyu. Ina magana da faifan a fili, ina lallashinsa, Akawu yana jina, ina jin a nan ya gane. Ashirin ga wata. Sha tara.

Sai ƙarar ta tsaya. Ba ƙas, ba komai, fanka kaɗai ke juyawa. Na kashe na kunna, na sanyaya shi, na juya shi a gefe, na yi duk dabarun da nake hana mutane yi. Da na haska cikinsa ta ramin iska, sai na ga 'yar matatar da ke tace iskar ta yi baƙi da ƙurar fuskar faifan. Abin da ke rubuce a wurin ya zama wannan ƙurar, babu kamfanin da zai dawo da shi.

Mutum arba'in da ɗaya suka rage, daga goma ga wata zuwa sha takwas. Na buga sauran a takarda, na yi kwafi uku a wurare uku. Akawu ya fita da takardun, na ji benci ya ɗauki hayaniya. Makanikin ya shigo ya kama hannuna da hannayensa biyu, yana ta sa mini albarka, yana cewa layi na sittin da uku, lamba tara, kamar mai haddar karatu. Na ce masa ba komai, aikina ne.

Akawu ya dawo ya duba suna na ƙarshe kafin giɓin da na farko bayansa, ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi. A karo na farko na wuce ƙofar. Ya kai ni layi na arba'in, ya soka sanda a ƙasa, ya taka yana ƙirgawa, ya ajiye dutse. Tsakanin sandar da dutsen fili ne shafaffe, laka ta bushe ta tsage, da takalmin roba guda da ruwa ya kawo. Ya ce, "Tana nan tsakani, ɗana. Wannan kam na tabbata." Na bi filin daga sanda zuwa dutse, na dawo, na sake bi. Ban san inda zan tsaya ba, sai na yi ta tafiya.

Rana ba ta faɗi ba na isa gida. Matata tana tsakar gida tana kwashe shanya. Ta dubi hannuna kafin ta dubi fuskata. Na yi mata bayani dalla-dalla, na C da D, da allura, da ƙura, da mutum dubu talatin da bakwai da ɗari tara da wani abu da aka ceto. Na ce layi na arba'in ne, wannan babu shakka, tsakanin lamba sha biyu da hamsin da huɗu. Na yi ta magana don ina tsoron abin da zai biyo bayan shirun. Ta saurara har na ƙare, tana ninke zanen gado a ƙirjinta.

Ta ce, "Da ka isa wurinta, faifan yana da rai?"

Na ce yana da rai.

"Ka tsaya?"

Na ce, "Akwai mutane a bayanta, Maman Balbela. Dubu goma sha bakwai. Na ce bari in ƙarasa in dawo."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi. Ta gyaɗa kai a hankali, ta ɗora zanen a kan sauran.

Ta ce, "Haka ka ce wancan karon ma."

Ta ɗauki kwandon ta shiga ɗaki. Akwai sauran kaya biyu a kan igiya, na tsaya na kwashe su.