Jirgin Habila a Hannun Mansir

Mansir tela bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ya sani shi ne madatsar Gubi, ita ma daga gaɓa ya tsaya yana riƙe da takalmansa. Amma a shagon wasannin kwamfuta na Bakari da ke Wunti, Kyaftin ake kiransa, kuma yana amsawa har da gyara zaman hula.

A kusurwar shagon akwai wata tsohuwar kwamfuta da yara suka raina, don ba ƙwallo a cikinta, ba tseren mota. Wasa ɗaya ya rage mata, na jirgin yaƙi mai nutsewa ƙarƙashin teku, sai manya suka gaje ta. Wasa ne na mai haƙuri. Ka lallaɓa cikin ruwa, ka ɗaga madubin leƙe, ka hango jirgin abokan gaba, ka sakar masa bam mai gudu a ruwa, wanda 'yan shagon ke kira mashi. Inda ake tantance maza kuwa shi ne kai hari tashar jiragensu. An tare bakinta da ragar ƙarfe, an dasa nakiyoyi, ga jiragen sintiri suna kasa kunne. Mansir ya sha zuwa bakin ragar nan ya juyo, wani zubin ma ba ya juyowa, a can ake binne shi.

Bakari yana da doka: kujera ba ta zama ba mutum. Ka tashi, wani ya zauna ya fara nasa. Wasan kuma ba ya yarda a adana shi muddin abokan gaba suna kusa. Shi ya sa aka ƙirƙiro riƙo. In an kira salla, Habila mai gyaran waya ya riƙe wa Mansir jirginsa. In lokacin koyon waƙa a coci ya yi, Mansir ya riƙe wa Habila. Mai riƙo ba ya harbi, tsaro kawai yake yi, kuma sun daɗe a haka ba a taɓa jin kansu ba.

Wata rana Mansir ya bar jirginsa a bakin raga ya tafi La'asar. Da ya dawo sai ya tarar da shagon tsit, an yi cincirindo a kusurwa ana magana da raɗa. Haka suke yi in jirgi ya shiga haɗari, sai ka ce masu sintirin za su jiyo su daga Wunti. Ya kutsa ya duba. Jirginsa yana cikin tasha, tsakiyar jiragen abokan gaba.

Habila ya miƙe yana murmushi. "Mutumina, wani jirgin kaya ne ya zo aka buɗe masa raga, sai na maƙale a ƙarƙashinsa muka shige tare. Ƙarar injinsa ta rufe tamu. Ban harba ko ɗaya ba, ga kayanka nan."

Mansir ya zauna ya harba, ya nutsar da wani jirgin dakon mai, wuta ta turnuƙe allo. Aka tafa masa kaɗan, irin tafin da ake yi wa wanda ya ci tuwon da wani ya tuƙa. Hirar duk ta Habila ce. Hammajoda direban keke mai ƙafa uku, wanda bakinsa ba ya da birki, ya ce, "Ashe dai Kyaftin na gaske a kujerar jira muka ajiye shi."

Mansir ya yi dariya tare da kowa, amma maganar ta sosa masa rai. Kishi ne ya kama shi, ba wani suna da za a ba abin. Da a ce baƙo ne ya yi wannan, da da sauƙi. Amma Habila! Shi Mansir ɗin fa ya koya masa yadda ake ɗaga madubin leƙe. Ya koma shagon ɗinki ya ɗinke aljihun rigar wani Alhaji ta ciki, sai da ya farke. Cikin 'yan kwanaki aka fara cewa Kyaftin Habila, shi kuma ya zama Tsohon Kyaftin. Ya yi ta gwada dabarar jirgin kaya, kullum sai raga ta rufe a hancinsa.

Ranar wata Laraba Habila ya shigar da nasa jirgin wata tashar da ba wanda ya taɓa shiga. A can ƙurya ga wani ƙaton jirgin yaƙi a ɗaure, irin wanda suka daɗe suna jin labarinsa. Sai dai a cikin wasan rana ce tsaka, dole a jira duhu. Ya kwantar da jirgin a ƙasan ruwa, ya kashe inji, ya duba agogo.

"Kai, ga lokacin waƙa ya yi. Mansir, riƙe mini. Kada ka taɓa komai, ka bar shi ya yi barcinsa har in dawo."

Mansir ya zauna. Ta lasifika yana jin jirgin sintiri yana wucewa a samansu, fat-fat-fat, ya yi nisa, ya dawo. Ya san abin da zai faru in Habila ya dawo. Za a nutsar da ƙaton nan, za a yi ihu har masu kasuwa su leƙo, sunan Kyaftin kuma ya tafi ke nan. Ya saci kallon mutane, idonsu duk yana kan allo, ba mai duban hannunsa. Ya miƙa ɗan yatsa ya taɓa maɓallin inji, ya sake shi nan take.

Fat-fat ɗin nan ya tsaya. Can ya dawo da sauri, da wani a bayansa. Bama-bamai suka fara sauka, allo yana girgiza, fitilun jirgi suka koma ja.

"Gudu, Mansir! Juya shi!" in ji Hammajoda, ya manta da raɗa.

Mansir ya yi ta danne-danne kamar mai ƙoƙari. Ruwa ya cika jirgin. Ma'aikatan jirgin na cikin wasan, waɗanda Habila ya yi wata da watanni yana tattalinsu, yana kiran wasunsu da suna, suka tafi gaba ɗaya. Mansir ya jira daɗin da yake tsammani, bai zo ba.

Habila ya shigo yana 'yar waƙarsa, ya ga baƙin allo, ya yi turus. Mutane suka yi caa a kan Mansir, wannan ya ce sakaci, wancan ya ce ruɗewa. Habila ya ɗaga hannu.

"Haba, ku bar shi mana. Laifina ne. Wannan tasha ba ta kowa ba ce, ban kyauta ba da na bar masa abin da ya fi ƙarfinsa." Ya dafa kafaɗar Mansir. "Kada ka damu, mutumina. Zan koya maka a hankali."

Hammajoda ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne, a yi masa uzuri. Tsufa ne."

Da zagi suka ci gaba da yi, da Mansir ya shanye. Tausayin nan ne ya gagare shi. Yana ganin hanyar tsira ƙuru-ƙuru, ya yi shiru kawai ya tafi da abokinsa, amma zuciya ta ciyo shi. Ya ture hannun Habila ya miƙe.

"Wa ya ce ta fi ƙarfina? Ni na kunna injin. Da gangan na yi!"

Shagon ya fashe da dariya. Hammajoda har da riƙe ciki, yana cewa, "Ku ji borin kunya! Wai da gangan!"

Habila kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya san hannun Mansir, ya san ba ya kuskuren maɓalli. Ya dube shi, ya ɗauki jakar kayan gyaransa, ya ce wa Bakari sai da safe, ya fita.