Bokitan Saje

"Ajiye bokitan nan, Saje."

"Ba sa ajiyuwa, 'yata. Aiki nake."

Laftanar ta leƙa cikinsu. Babu ko ɗigon ruwa, sai mushen kyankyaso a na hagun.

Kwana tara ke nan da ta dawo barikin da anini ɗaya a kowace kafaɗa. Shekara shida ta yi a nan tana ƙaramar soja, daga kurtu har kofur, littafi a aljihun kaki, kafin ta ci jarrabawar zama hafsa. Saje ne ya koya mata ɗaure takalmi, shi ya sa ta tsallen kwaɗo sau ba adadi. Yanzu doka ta ce ya sara mata. Sai dai dokar ta kuma ce sojan da ke riƙe da kaya a hannu biyu ba ya sarawa. Tun ranar da ta dawo ba a ƙara ganin Saje babu bokiti ba. Har wurin aski da su yake zuwa.

Cutar kuwa ta yaɗu. Direba na yawo da jarka da sifana, mai girki da ludayi biyu. Ɗazu ma wani soja da ake kira Dogo ya hango ta ba shiri, ya rasa abin ɗauka, sai ya sunkuci kazar maƙwabta ya rungume.

Ta san dabarar sarai, don ita ma ta taɓa yi wa wani kyaftin da tsintsiya da kwandon shara. Amma da safen nan Kwamanda ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye: "Wanda ba ya sara miki ba zai bi ki ba. In ban ga canji zuwa Litinin ba, sito zan mai da ke, ki riƙa jera barguna."

Ba don jera barguna ta sha ranar shekara shida ba.

"To, tunda aiki kake, cika su. Bokiti babu ruwa ba kaya ba ne."

Wannan umarni ne da ba shi da mafita, ga famfo a bakin filin fareti. Saje ya cika su taf, yana ƙunƙuni.

"Ina zan kai?"

"Ba ko'ina. Tsaya nan. Ni ma a nan zan tsaya."

Ta ƙame a gabansa, ƙirji waje, ido cikin ido. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, rana ta fara gashi.

"Ke fa na san ki tun kina kuka in an ce a yi gudu," in ji Saje.

"Ban taɓa kuka ba. Gumi ne."

"Gumi a ido?"

"Haka ka koya mana mu ce."

Sojoji suka fara taruwa kallo, kowa da kayansa, har Dogo da kazarsa. Gajera, kofur ɗin da suka yi shekara huɗu ɗaki ɗaya, ta matso ta raɗa mata, "Ƙawata, bar tsohon nan mana. Ya haife ki fa."

"Kofur, mene ne a hannunki?"

"Matashin kai ne. Biyu."

"Shiga layi. Duk mai kaya ya shiga layi."

Layi ya miƙe har bakin ƙofar sito. Kazar ce ta fara gajiya. Ta ɓata wa Dogo wando, ta fizge ta yi gaba. Dogo ya dubi hannayensa wayam, ya dubi Laftanar, ya sara. Ta amsa. Mai girki ya ji ƙaurin tukunyarsa, ya zubar da ludayai, ya sara a guje. Direba ya ce jarkarsa na yoyo, ko da yake babu komai a ciki. Gajera ta cusa matashi ɗaya a hammata ta sara, ba ta ko dubi fuskarta ba.

Saura Saje.

Ruwan ya fara rawa a bokitai. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ita kuma sabon takalmi na cin duddugenta, wani ƙuda ya mai da hancinta gidansa, amma ko gezau.

"Wa ya koya miki wannan taurin kai?"

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, Saje."

Ya so ya yi dariya, dariyar ce ta kashe shi. Bokitin dama ya suɓuce, ruwa ya wanke takalmansu duka. Ya yi yunƙurin ɗaga hannu, hannu ya ce bai san zancen ba, ya sandare. Sai ya saki ɗayan, ya tallabo gwiwar hannun daman da na hagu, ya tura shi sama a hankali har yatsu suka taɓo hula.

"Ranki ya daɗe."

Ta amsa sarawar yadda ya koya mata, ba ƙari ba ragi.

Da la'asar ta ɗingisa zuwa rumfar mai shayi, inda ta saba zama da su. Tun daga nesa take jin shewa, ana kwaikwayon Dogo da kazarsa. Tana sa ƙafa kowa ya miƙe zumbur, hannu a goshi. Hira ta mutu.

"Ku zauna mana."

"Sai kin tashi, ranki ya daɗe," in ji Gajera, tana kallon bango.

Mai shayi ya goge mata benci guda ita kaɗai, ya kawo mata kofin tangaran mai faranti. Ta sha a tsanake, ba ta bar ko kurɓi ba, mutum goma sha biyu na tsaye a kanta. Sai da ta yi nisa ta ji dariyar ta dawo.

Rundunar ta zama tata, ba ta jera bargo ko ɗaya ba. Amma daga ranar, duk barikin babu wanda ya ƙara yin dariya a gabanta.