Matar da Ke Bayan Motar Bature

Ƙarar munduwa ce, sau uku, a bayan rumfar da muke ajiye albasa. Ina da shekara tara daren da na fara jin ta. Da yammacin ranar na ɓace cikin gonakin gero tsakanin Kashin Zama da Jiga Birni, wata mata ta kama hannuna ta kai ni har bakin dangarmu, ta juya. Sau ɗaya na ga fuskarta. Tana da zane uku a kuncin hagu, kunne ɗaya babu ɗan kunne, ga zanen saƙi baƙi. Babu mai irin kamarta a ƙauyenmu. Bayan an kwanta sai na ji munduwarta, na gane ba ta tafi ba.

Shekara sittin muna tare. In ruwa zai sauko a kan albasar da na shanya, sai ta kaɗa. Ranar da matata za ta rasu ma ta kaɗa tun da hantsi. Mutum ɗaya na taɓa faɗa wa, Ɗalha mahauci, abokina tun muna makarantar allo. Muna samari lokacin, ya dafa ƙirji ya ce maganar ta mutu a cikinsa.

Bara, bayan an cire albasa, Ɗalhan ne ya ce mini akwai wani Abdulrazak a Jega, kusa da tasha, mai yi wa manyan motoci fenti. Wai Allah ya ba shi ido, yana ganin na ɓoye da ke tare da mutum, har ya zana shi a takarda. Ni kuwa duk abin da aka ce baƙo ne sai na je na gani. Na taɓa zuwa har Mungadi don ɗan maraƙi mai wutsiya biyu.

Abdulrazak ya zaunar da ni a kan benci cikin warin fenti. Ya ba ni farar takarda ya ce in manna ta a ƙirji har ta yi ɗumi. Ya kunna turare. Sannan ya karɓe ta, ya barbaɗa garin gawayi, ya riƙa murzawa da auduga, idonsa a kan kafaɗata ta dama, ba a kaina ba.

"Kada ka ce komi, Baba Waliyyu," in ji shi. "Ita za ta fito da kanta."

Da ido ya fara. Yana ɗauke baƙin da ɗan gutsuren burodi, haske na fitowa. Sai hanci, sai baki. Ya tsaya kamar mai saurare, ya ja zane uku a kuncin hagu. Ya sa ɗan kunne a dama, ya kai hannu hagu, ya fasa.

"Ta ce wancan ya faɗi tun da daɗewa."

Na yi kuka a gaban mutumin da na haifi kamarsa. Na kai hoton gida, na sa a leda, na rataye inda nake buɗe ido da safe. Wata huɗu ina gaishe ta kafin in gaishe da kowa.

Ranar kasuwar Maiyama na je sayen igiya. Wata babbar mota na lodin buhuna, na bi ta bayanta, sai na gan ta. Ita ce, da fenti, tsawon mutum, har an ƙara mata jan baki. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe, waɗanda ko ni da na tsaya aji huɗu na iya karantawa: AMARYAR WALIYYU.

Direban, wani mai suna Bature, yana cin rake a inuwa. Bai san ni ba. Na tambaye shi wace ce.

"Baba, ba ka san labarin ba? Wani tsoho na nan wajen Aliero, shina da aljana mai ɗan kunne ɗaya. Ɗalha mahauci ka ba da labarin duk ranar kasuwar Jega. Har kwaikwayon ƙarar munduwar yake yi da wuƙaƙe. Tun ina yaro nake jin shi, ba ya tsufa."

Ban sayi igiyar ba. Na hau mota zuwa Jega. Na tarar da Ɗalha yana sara ƙashi, ƙudaje na tashi suna sauka.

"Ɗalha, shekara nawa?"

Ya dube ni, ya gane. Ya goge hannu a riga.

"Haba, Waliyyu. Mi aka yi? Raha ce. Kuma ni na ce wa yaron ya zana maka ita da kyau, don ka ji daɗi. Ba ka ji daɗi ba?"

"Na ji."

"To ka gani. Zo ka amshi hanta ka kai gida."

Mahautan da ke gefensa sun sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Duk sun san ni. Shekara da shekaru ina gaishe su suna amsawa da fara'a, ina zaton kirki ne.

Na dawo gida na sauke hoton na sa a murhu. Na zauna na rufe ido don in ga fuskarta ta gaske, wadda na gani cikin gero. Ta Abdulrazak ce ta zo, da jan bakin. Na sake gwadawa washegari, da wanda ya bi shi. Har yau ita ke zuwa.

Bayan sati biyu Ɗalha ya zo da tsire a takarda. Ya zauna a bakin tabarmata, ban kore shi ba, ban kuma taɓa tsiren ba. Muna nan zaune sai Gwaggo Mubina, maƙwabciyata da muka raba danga shekara arba'in, ta leƙo da ƙwarya a hannu. Ban taɓa yi mata zancen ba, ita kuma ko kasuwar Aliero ba ta zuwa.

"Malam Waliyyu," ta ce, "wai mundayen nan da nike ji bayan rumfarka, kwana biyu shiru. Ina mai su ta tafi?"